Laba 60 ko bakan yara: muhawarar zauren masu harbin baka na Bauchi

Sabon Shiga: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na tara 'yan kuɗi zan yi odar baka na gargajiya, ba na zamanin nan mai tayoyi a ƙarshensa biyu ba. Mai sayarwa ya ce in zaɓi nauyin ja, laba 30, 45 ko 60. Jiya a kasuwar Wunti Yaya Mai Walda ya ce mini duk bakan da bai kai laba 60 ba na yara ne. Ina son jin ta bakinku kafin in tura kuɗi.

Mai Walda: Wa alaikumus salam. Ni na faɗa, kuma ina nan a kan bakana.

Ɗan Gombe: Wane bakan, Yaya? Na magana ko na harbi?

Mai Walda: Duka biyun. Ƙanina, kuɗi sau ɗaya ake kashewa. Ka sayi mai laba 30 yau, bayan wata uku ka raina shi, ka koma neman wani. Ku duba Turawan Ingila na da. Jirgin yaƙinsu Mary Rose ya nutse a 1545, aka tsamo shi a 1982, bakunan da aka samu a ciki yawancinsu sun haura laba 100. Su ba mutane ba ne?

Malamin Kimiyya: Mutane ne, amma ka ba da rabin labari. Tun yaro yana shekara 7 doka ta ce a miƙa masa baka, yana girma ana ƙara masa nauyi. Har a ƙasusuwan da aka tsamo daga jirgin an ga yadda jan ya sauya kafaɗun wasunsu. Kuma bakan yaƙi ne, sulke ake son hudawa. Yaron nan bai taɓa jan tsirkiya ba. 'Yan wasan Olamfik da ke harbi daga mita 70 galibinsu tsakanin laba 40 da 50 suke, su ma na yara suke riƙewa?

Mai Walda: Takarda suke hudawa, Malam. Takarda ba ta da haƙarƙari.

Malamin Kimiyya: To mu je kan mai haƙarƙari. A Amurka jihohi da dama sun sa laba 40 a matsayin mafi ƙarancin abin da za a fita farautar barewarsu da shi, wasu 35, wasu ma 30. Barewar tasu kuwa ta fi gadarmu girma nesa ba kusa ba. Sannan lambar da ke jikin baka a jan inci 28 aka auna ta, wato wajen santimita 71. Duk inci ɗaya da ka ƙara ko ka rage, laba 2 zuwa 3 ne ke ƙaruwa ko raguwa. Dogon mutum da gajere za su ɗauki baka ɗaya, amma ba nauyi ɗaya suke ja ba.

Baba Maharbi (jikansa ke rubuta masa): Baba ya ce a gaishe ku. Ya ce shi laba a wurin awon auduga da gyaɗa ya san ta, bai taɓa jin an ɗora baka a sikeli ba. Shekarun da ya yi a daji wajen Alkaleri, bakansa yaro ɗan shekara 15 zai ja shi. Kibiyarsa kyauro ce, ba gashi, bakinta na maƙera ne mai kunne. Ya ce harbi a ƙafa yake: ka bi iska, ka yi sanɗa har ka ga ƙiftawar idon dabba, taku 15 ko 20. Wanda bai iya wannan ba, ko kututturen kuka ya lanƙwasa ya ɗaure masa tsirkiya, hannu rabbana zai dawo gida.

Mai Walda: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ban isa in ja da shi ba. Amma a tambayar mini shi, me ke bakin kibiyar?

Baba Maharbi: Ya yi dariya, ya ce dafi ne, na tsiron ƙwanƙwani.

Mai Walda: Yawwa! Magana ta fito. Dafin ne ke kisa, aikin baka kawai ya kai saƙo, ƙwarzane ma ya isa. Mu kuwa ba ma shafa komai. Ƙarfe ne zai shiga ya huda huhu, in bai shiga ba an raunata dabba a banza ta je ta ruɓe a daji. Alhaki ne.

Ɗan Gombe: Gaskiya a nan Yaya ya ci maki.

Alaramma: Ya ci, kuma shari'a na bayansa a wannan gaɓar. Da Adiyyu bin Hatim ya tambayi Manzon Allah (SAW) kan abin da aka harba, an ce masa in tsinin ya huda ya ci, in gefen ne ya buge dabbar ta mutu kada ya ci. Hudawa sharaɗi ce. Sai dai ba a ambaci laba ba, Mai Walda, kada ka ce na sa maka hannu.

Malamin Kimiyya: Na yarda sai an huda. Abin da ban yarda ba shi ne baka kaɗai ke hudawa. Nauyin kibiya da kaifin bakinta da miƙewar tafiyarta su ne rabin aikin. Masu bakan gargajiya suna lissafin kusan giram 29 na kibiya ga baka mai laba 45. Irin wannan, da baki mai kaifi biyu da aka wasa har yana aske gashin hannu, zai ratsa gada ya fita ta ɗaya gefen. Mai laba 60 da hannu ke rawa, kibiyarsa ta tafi tana wutsil-wutsil ta sauka a cinya, me ya yi? In ɓauna ce ko gwanki babba, ba musu, a nemi 60 ko sama.

Ɗan Gombe: Ɓaunar da ke Yankari? Tun 1956 aka killace dajin nan, kafin ka ja tsirkiya masu gadi sun ja ka.

Anti Nas: Ku ba ni wuri, tun ɗazu nake karantawa. Baka mai tayoyi in ka kai ƙarshen ja yana sauke maka fiye da rabin nauyin. Na gargajiya ba ya sauke komai, duk laba 60 ɗin nan, kilo 27, suna kan yatsu uku da kafaɗa ɗaya. Maigidana da mai laba 55 ya fara, saboda irin wannan zuga. Wata biyu bai iya ɗaga hannu ya sa riga ba sai na taya shi. Ƙanina, zauna a kujera, ɗaga ƙafafunka daga ƙasa, ja tsirkiyar har gefen bakinka ba tare da ka ɗaga bakan sama ba, ka ƙirga goma. In jikinka ya ɗauki ɓari, ba naka ba ne tukuna. Ka fara da 25 ko 30. Kuma akwai mai kwancewa gida uku, wanda fikafikan, wato sassan biyu masu lanƙwasawa, kawai za ka sauya zuwa 40 ko 45 in ka yi ƙwari, mariƙin yana nan.

Mai Walda: Anti, da girmanki, maigida aikin ofis yake. Ni guduma nake ɗagawa tun safe.

Anti Nas: Naman guduma daban, na jan baka daban. Wannan na tsakanin allon kafaɗu ne.

Malamin Kimiyya: Gani ya kori ji. Jarkar ruwa mai lita 20 kilo 20 ce, wajen laba 44. A rataye baka a ƙusa, a saƙala jarkar a tsirkiya sannu a hankali, a auna inda ta tsaya. Juma'a bayan la'asar a ƙofar gidan Baba, kowa ya zo da nasa. Zan zo da tef in auna jan kowa.

Ɗan Gombe (daren Juma'a): Ga sakamako ga waɗanda ba su zo ba. Bakan Baba ba mu cika jarkar ba ya kai iyakarsa, amma da shi ya fasa ƙwarya sau uku a jere daga taku 20. Na Yaya laba 60 ne a inci 28, ba ƙarya. Sai dai jan Yaya inci 26 ne. Malam ya ce wajen laba 55 yake harbawa duk shekarun nan.

Sabon Shiga: Ke nan Yaya ma bai kai 60 ɗin ba?

Mai Walda: Tef ɗin Malam na tela ne, ya saki. Juma'a mai zuwa zan zo da na ƙarfe daga shago.