Hannun jarin MTN Najeriya ya koma inda muka saya: a riƙe, a ƙara ko a sallama? (Tattaunawar zaure ce da aka yi a ƙarshen 2024, farashi da alƙaluman ciki na lokacin ne.)

Malama Hauwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah shawara nake nema. Ina da hannun jarin MTN guda 2,100. Na sayi 2,000 lokacin da suka buɗe wa jama'a a Disambar 2021 a kan naira 169, daga baya aka ƙara mini 100 na kyautar nan ta ɗaya a kan kowane ashirin ga wanda ya riƙe shekara guda. Ƙarshen 2023 yana 264, yau a ƙarshen 2024 na duba manhaja na gan shi yana lilo wajen 170. A 2024 ɗin nan kuma ko sisi na riba ba a raba mana ba. Maigidana ya ce in sallama tun uwar kuɗin ba ta narke ba. Ni kuwa zuciyata ta rabu biyu.

Bashir Kwari: Wa'alaikumus salam Anti. Sallamawa kuma? Ai yanzu ne lokacin ɗiba! Kamfanin da kowa ke riƙe da layinsa a aljihu, ina zai je? Ni da ina da rara, yau zan ƙara.

Alhaji Garba: Bashir, haka aka riƙa faɗa mana a 2008. Ina banki zai je? A watan Maris na shekarar ma'aunin da ke nuna hawa da saukar kasuwar hannun jari gaba ɗaya ya haura 66,000, kafin shekara ta zagayo ya koma ƙasa da 25,000. Akwai wani banki da muke da hannun jarinsa mu da abokan aiki da yawa, duk saukar da ya yi sai a ce araha ta zo, a ƙara. Wasu har rance suka ci suka ƙara. Takardun suna nan a durowata har yau, ko kunun safe ba za su saya ba. Hauwa, ki fitar da abinki tunda bai taɓa uwar kuɗi ba.

Bashir Kwari: Baba Alhaji, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

Alhaji Garba: Gudun shi ya sa na kai wannan shekarun, yaro.

Usman Akanta: Baba Alhaji, a yi mini afuwa in ɗan saɓa. Abin da ya faru a wancan lokaci gaskiya ne. A Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan Babban Banki ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, a 2011 kuma gwamnati ta karɓe Afribank da Spring Bank da Bank PHB, masu hannun jari suka tashi a tutar babu. Amma waɗancan bankuna ciwonsu a ciki yake, bashin da suka bayar ne ya ƙi dawowa. Kafin a ce wa Malama ta sayar ko ta riƙe, sai an duba me ya kayar da wannan.

Abin da ya kayar da MTN dala ce. A Yunin 2023 aka saki naira, dalar da ke wajen 460 a farashin gwamnati a ƙarshen 2024 ta haura 1,600. Kamfanin yana karɓar kuɗinsa da naira, katin ɗari biyu, datar dubu ɗaya, amma hayar ƙarafunan sabis da yake biya da wani ɓangare na bashinsa a ɗaure suke da dala. Duk faɗuwar da naira ta yi sai an sake lissafa bashin nan da sabon farashi, bambancin a rubuta shi a matsayin asara. Shi ya sa a 2023 suka bayyana asarar naira biliyan 137, a wata shidan farko na 2024 kuma ta haura biliyan 500. Alhali kuɗin da ke shigowa daga kira da data bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi da kusan kashi ɗaya cikin uku, masu layi kuma sun haura miliyan 70.

Rabon riba kuwa ba rowa ba ce. Doka ba ta yarda kamfani ya raba riba ba matuƙar asarar da ta taru ta cinye ribar da aka tara a baya. Sai an cike ramin tukuna.

Malama Hauwa: Ikon Allah. To Malam Usman ramin nan yaushe zai cike? Don na 2022 naira 15.60 aka ba mu a kan kowane ɗaya, da shi na yi hidimar sallah.

Usman Akanta: Wannan sai Allah, Malama. Abu biyu dai nake kallo. A watan Agustan 2024 sun sake zama da kamfanin IHS, masu yawancin ƙarafunan, aka rage ɓangaren hayar da ke bin dala. Rahoton wata uku na Yuli zuwa Satumba ya nuna 'yar riba ta wajen biliyan 4. Kaɗan ce ƙwarai in aka kwatanta da ramin, amma jinin ya tsaya. Na biyu, zuwa ƙarshen 2024 kamfanonin waya sun daɗe suna roƙon hukumar sadarwa ta NCC ta bari su ƙara kuɗin kira da data, suna cewa fiye da shekara goma ba a taɓa farashin ba alhali dizal ya ninka. In an amince, lissafi zai canza. In ba a amince ba, ko naira ta sake zubewa, za a daɗe ana jira.

Hajiya Rabi: Wato mu a ƙara mana kuɗin data don ku ku samu rabo. Allah ya isa tsakanina da wannan zauren!

Bashir Kwari: Hajiya ki sayi naki kawai, abin da aka cire miki ta nan ya dawo ta can.

Hajiya Rabi: Wasa nake. Hauwa ƙanwata, ni ban san boko ba, hatsi na sani. In na sayi masara da kaka na zuba a sito, farashi ya faɗi a watan gaba, ba na kuka, don ba watan gaba na saya wa ba. Abu biyu ne ke sa in fitar da ita a kan asara: ko na buɗe buhu na ga ƙwari sun shiga, ko buƙata ta taso mini ba ni da wani abin taɓawa. Usman ya ce buhun da sauran lafiya. Saura ke. Akwai abin da ke gabanki da kuɗin nan?

Malama Hauwa: Akwai, Yaya. Rajistar Khadija a jami'a cikin Janairu, da kuɗin ɗaki za ta kai dubu 150. Da shi nake lissafi.

Hajiya Rabi: Kin ga inda maganar take. Da kin faɗi wannan tun farko ai da Bashir bai fara kiran a ƙara ba.

Bashir Kwari: Ni dai har yanzu ina kan bakana. Ku duba lissafi. Wanda ya saya a 264, in ya sake sayen adadi ɗaya a 170, tsakaicin farashinsa ya sauko 217. Ba sai ya jira 264 ba kafin ya fita kunya.

Usman Akanta: Lissafinka daidai ne ƙanina, amma ka ƙara yawan kuɗin da ka zuba a wuri ɗaya. In ya sauka 120 asararka ta fi ta da. Kasuwa ba ta san nawa ka saya ba, ba ruwanta. Tambayar da nake yi wa kaina ita ce: da a ce ba ni da ko ɗaya, kuɗi ne a hannuna yau, zan sayi wannan kamfani a 170? In amsar e ce, to a saya, da kuɗin da ba a buƙata shekara biyu ko uku, kuma kaɗan-kaɗan. In a'a ce, to wanda ke hannunka ma ba dalilin riƙe shi. Saye don kawai a rufe kunyar farashin baya shi ne abin da ya cinye mutanen Baba Alhaji.

Alhaji Garba: Yauwa. Yanzu ka yi magana.

Usman Akanta: Amma Baba, akwai wadda ba za ta yi maka daɗi ba. Ka ce bai taɓa uwar kuɗi ba. Ya taɓa. Naira 169 ta Disambar 2021, lokacin dala tana ɗari huɗu da 'yan kai, ba ita ce 170 ta yau ba. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 33 cikin ɗari. Dubu 338 da Malama ta zuba, a tambayi Hajiya buhu nawa za ta saya a lokacin, nawa za ta saya yau. Asarar ta riga ta faru. In ta sayar ta ajiye kuɗin a asusu, ci gaba da narkewa za su yi, a hankali dai ba a gani a manhaja.

Hajiya Rabi: Kar ma ka tambaye ni, hawan jinina zai tashi.

Sadiya: Ni wani abokin aikina cewa ya yi a kwashe a kai takardun lamunin gwamnati, wai a 2024 ɗin nan ana ba da sama da kashi 20.

Usman Akanta: Gaskiya ya faɗa, kuma yana cikin abin da ke danne farashin hannun jari. A 2024 Babban Banki ya kai kuɗin ruwa sama da kashi 27, manyan masu kuɗi da yawa sun koma can.

Malam Nura: Sadiya, wannan kuɗin ruwa ne tsagwaronsa, ban ba da shawara ba. Mai son abin da ba ya hawa da sauka sosai ya jira sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci marasa ruwa, na gwamnatin tarayya. Tun 2017 ake fitar da shi, na farko biliyan 100, ana gina hanyoyi da kuɗin ana biyan haya duk wata shida. Akwai kuma asusun zuba jari na halal irin na Lotus. Wanda kuma ke son hannun jari ya riƙa duba jerin kamfanonin da ke cikin ma'aunin Musulunci na kasuwar, don ana sabunta shi, kamfanin da bashin ruwa ya yi wa yawa ana iya cire shi. Sannan tunatarwa: wanda ke saye da sayarwa don riba, hukuncin kayan kasuwanci ne, in ya kai nisabi shekara ta zagayo sai ya fitar da zakka a kan farashin ranar, ko ya hau ko ya sauka. Wanda ya ajiye don rabo kawai malamai sun yi bayani daban, ya tambayi malaminsa.

Sadiya: Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi.

Ɗanjuma Kumasi: Ina binku daga nan. MTN ɗinmu na Gana tun 2018 yake kasuwar Accra, kuma yana raba riba. Wani ɗan'uwa ya gani ya ɗauka abu ɗaya ne da naku.

Usman Akanta: Ba ɗaya ba ne, Ɗanjuma. Uwa ɗaya ce a Afirka ta Kudu, amma kowane da littafinsa da kuɗin ƙasarsa.

Malama, ga tawa shawarar, ki auna. Kuɗin Khadija bai kamata ya kwana a kasuwa ba. Wata biyu ba lokaci ba ne a wannan harka, yana iya kai 200 kafin Janairu, yana iya komawa 150, ba wanda zai rantse miki. Ki sayar da 900. A 170 ya kama dubu 153, a cire kamashon dillali da 'yan kuɗaɗen kasuwa, kusan kashi 2 cikin ɗari, za ki tashi da wajen dubu 150. Sauran 1,200 ki bar su, ki kuma daina buɗe manhajar nan kullum da safe. Ki jira rahoton ƙarshen shekara da ke fitowa wajen ƙarshen Fabrairu. In kuɗin shiga na ƙaruwa, ribar nan ta ɗore, ki ci gaba da riƙewa. In kin ga masu layi na guduwa ko asara ta dawo alhali naira na tsaye, to ciwon ya wuce dala, sai a sake zama.

Alhaji Garba: Ni da nawa ne duka zan fitar in sayi fili. Amma rabin nan ma ba laifi, aƙalla yarinya za ta yi karatu.

Hajiya Rabi: Filin ma Alhaji ai sai an samu mai saye, ranar da kake nema ba ya zuwa.

Malama Hauwa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan nuna wa maigidan. Tambaya ɗaya: in na sayar yau, yau kuɗin za su shigo? Kada in bari sai ana gobe rufe rajista.

Usman Akanta: A'a, a tsarin 2024 sai bayan kwana uku na aiki ciniki ke kammala, sannan ki tura daga wurin dillali zuwa bankinki. Ki ba shi mako guda don kwanciyar hankali. Tunda ta hanyar tayin 2021 kika saya, ki fara tabbatar da cewa lambarki ta CSCS, wato ma'ajiyar bayanan hannayen jari, tana ƙarƙashin dillalin da za ki yi amfani da shi, kuma sunan da ke kai ya yi daidai da na BVN ɗinki. Harafi ɗaya in ya bambanta sai ya riƙe mutum makonni. Ki kuma sa farashin da kike so da hannunki, kar ki danna a sayar a duk yadda aka samu.

Bashir Kwari: Anti ki sayar mini da 900 ɗin kai tsaye mana, mu huta da kamasho.

Usman Akanta: Ba atamfa ba ce Bashir, sai ta hannun dillali mai rajista.

Bashir Kwari: To shi ke nan. Na sa odar 300 a kan 168, in ya sauko ya same ni a can.

Alhaji Garba: Da kuɗin wa?

Bashir Kwari: Nawa ne Baba, na adashi. Na shago ban taɓa ba, Oga yana zauren nan.