Neman shawara: akwatin madubi a bakin Pentax ɗin Baba

Daga Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mini kyamararsa Pentax K1000. A ƙasan jakar na tarar da wani ɗan akwati mai tagogi biyu da madubai a ciki, na ɗaura shi a bakin gilashin 50mm ya zauna daram. An ce mini na hoto mai zurfi ne, wato 3D. Ranar Juma'a bayan la'asar na shiga Balad, tsohuwar unguwar Jidda, na ɗauki hoton rawashin, tagogin katakon nan da suke leƙowa kan lungu. Burina Hajiyarmu ta gan su kamar tana tsaye a wurin, tunda ƙafa ta hana ta fita. Da aka wanko fim ɗin, kowane hoto ya rabu biyu da baƙin layi a tsakiya, da na yi ƙoƙarin haɗa su da ido sai kaina ya sara. Ni ne ban iya ba, ko abin ne ya lalace?

Daga Makka:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya gafarta wa Alhaji. Kayanka lafiya lau. Aikinsa ke nan: ya raba gidan fim mai 24 da 36mm gida biyu a tsaye, ɗaya na idon dama, ɗaya na hagu. Layin tsakiya ba ya ɓacewa, amma idan ka matse ƙofar haske zuwa f/16 zai fi fitowa, idan ka wangale ta kuma hotunan su hau juna. Tsaya a f/5.6 ko f/8. Ciwon kan kuwa karkata ce. Ka tabbata akwatin ya daidaita sosai da jikin kyamara, kada kuma ka taɓa juya ta a tsaye, domin idanunmu gefe da gefe suke.

Daga Madina:
Ƙari a kan maganar Baban Makka, tazarar tagogin nan kusan ta idon mutum ce, wajen 65mm, shi ya sa abin da ya yi nisa yake fitowa shafal. Rawashin bene na uku ba za su ba ka zurfi ba. Nemi na ƙasa, ka tsaya kamar mita biyu zuwa huɗu, a sami wani abu a gaba, ko ƙyaure ko fitilar bango.

Daga Riyad:
Yaya, don Allah kada ka goge madubin da gefen riga. Ni na yi, na karce nawa har yau ina takaici. Hura masa iska kawai. Da laimar Jidda kuma, fim a firji, kyamara a busasshen wuri.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. To da me Hajiya za ta kalla?

Daga Makka:
Sake duba jakar, yawanci da abin kallonsa ake sayar da shi. Fim ɗin silaid yake so, mai fito da hoto da ainihin launinsa a jikin fim, wanda ake wankewa da tsarin wankin da ake kira E-6. Ka gaya wa mai wankin kada ya raba gidan biyu, a saka shi ɗungurum a firam ɗaya.