Wai giyar jin (gin) da wiski ba sa cutar mai ciwon suga tunda babu sitaci a cikinsu?

Baban Ladi: Jama'a barkanmu da yamma. Auren Ladi ranar Asabar ne a Bukuru. Wata bakwai ke nan rabona da tuwon shinkafa da doya da burodi, sai nama da ƙwai da ganye, ɗan acca jefi-jefi. Sugana na safe ya sauko zuwa 110. To wani abokina ya ce burkutu da giyar kwalba ne matsala saboda hatsin da ke ciki, amma jin da wiski babu sitaci ko ƙwaya, in sha abina. Me kuka gani?

Danjuma: Gaskiya ya faɗa maka, Baba. Da Kirsimetin bara na sha wiski, na auna bayan awa biyu, 105 na gani. Burkutu kuwa dawa ce zalla, ƙwarya ɗaya ta isa ta haura da kai.

Sista Rifkatu: Danjuma, ka yi gaggawar aunawa. Lallai babu sitaci a wiski, amma mu a asibiti faɗuwar suga muke tsoro a nan, ba hawansa ba. Idan mutum yana barci hanta ce ke ɗan sakar masa suga a jini. Da barasa ta shiga, sai hanta ta ajiye wannan aiki ta koma kan fitar da barasar. Kuma wanda ya daɗe da rage sitaci irin Baba, ajiyar da ke hantarsa dama ba ta da yawa. Faɗuwar tana iya zuwa cikin dare, ko washegari, har awa 24 bayan an sha. Awon awa biyu ba zai nuna maka komai ba.

Maman Talatu: Ni ganau ce. Yayana yana allurar insulin. Mun dawo daga bikin suna, ya sha kaɗan, bai ci wani abin kirki ba. Wajen asuba matarsa ta ji yana surutai, ta ce maye ne, a bar shi ya yi barci. Da na shiga na taɓa shi, rigarsa sharkaf da gumi, jikinsa sanyi ƙalau, hannu na karkarwa, bai gane ni ba. Na'ura ta nuna sugansa ya faɗi zuwa 41. A Keke muka kai shi asibiti aka sa masa ruwan suga. Abin da har yau yake damuna, warin giyar da ke bakinsa ne ya sa kowa ya ɗauka buguwa ce.

Danjuma: Allah Ya ƙara masa lafiya, Mama. Amma ai shi mai allura ne. Ƙungiyar masu ciwon suga ta Amurka ma ba ta hana ba, ta ce namiji kada ya wuce biyu a rana, mace ɗaya.

Sista Rifkatu: Haka ta ce, ga wanda dama yana sha, kuma tare da abinci. Ka san ɗayan nawa ne? Wajen mililita 45 na wiski, cokalin cin abinci uku. Wane biki ka taɓa zuwa a Jos aka zuba maka cokali uku aka rufe kwalba? Sannan a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin barasa da za a kira marar illa. Kuma ba masu allura kaɗai ba, ƙwayoyin maganin ciwon suga irin glibenclamide da gliclazide ma suna kayar da suga.

Malam Sani: Mu Musulmi hukuncin giya a bayyane yake, ba ma kusantarta. Amma kada mu ce mun tsira. A wurin walima za ka ga mai ciwon suga ya ture Coke ya ɗauki Maltina wai ita ce mai gina jiki, alhali ita ma cike take da suga. Coke ta santilita 35 tana da kusan giram 37. Ga zoɓo da kunun aya da ake antaya wa sukari. Ni zoɓona nake tafiya da shi daga gida, citta da kanumfari kawai.

Baban Ladi: Sista, kin sa jikina ya yi sanyi. Na duba kwalin maganina yanzu, Daonil ne da metformin.

Sista Rifkatu: Daonil shi ne glibenclamide ɗin da na ambata, Baba. Don Allah ka bar wiskin nan. Kuma ka ga likitanka kafin Asabar, domin da irin rage sitacin da ka yi, mai yiwuwa maganin kansa ya yi maka yawa. Ranar biki za ka yini a tsaye kana gaisawa da baƙi, abinci zai wuce ka. Ka sa na'urarka da sukari mai ƙwaya a aljihu. In ka ga ƙasa da 70, ka sha giram 15, wato ƙwaya huɗu, ka sake aunawa bayan minti 15. Ka kuma gaya wa Maman Ladi alamomin faɗuwar suga tun yau.

Danjuma: Ni metformin kaɗai nake sha, har yanzu ina ganin ɗan kaɗan bayan cin abinci ba zai yi mini komai ba. Amma zan fara aunawa kafin in kwanta da kuma da asuba.

Baban Ladi: Malam Sani, turo mini yadda kake haɗa zoɓon nan. Gobe da sassafe zan je asibiti.