Mota tana zafi a hawa, ga tafiyar Mambila a gaba

Salamu alaikum 'yan uwa. Muna shirin tafiya hutu Gembu da iyali daga Kaduna, ta Jalingo da Serti, amma Corolla ɗina ta hana ni sukuni. A cikin gari lafiya lau take. Da na gwada ta a Hawan Kibo kuwa, allurar zafi ta kusa taɓa ja, sai da na tsaya.

Bakanike a Panteka ya wanke lagireto, ya haɗa fanka kai tsaye, bai sauya zani ba. Ruwa ba ya raguwa. Yanzu yana cewa wai gasket ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da jikinsa, ni dai ban gamsu ba.

Hawan Mayo Selbe, inda ake haura tsaunin Mambila zuwa Gembu, ya fi Hawan Kibo tsawo nesa ba kusa ba. Me zan sa a duba kafin a buɗe injin?