Ubuntu 22.04 a kan SSD na waje: me ya sa GRUB ke sauka a faifan Windows?

Dan_Tasha:
Assalamu alaikum. Ga yadda abin yake: laftof ce mai Windows a faifan ciki, an girka Ubuntu 22.04 a kan SSD na waje ta USB. A shafin raba faifai an zaɓi /dev/sdb, wato SSD ɗin, a matsayin inda GRUB, manhajar da ke tayar da Ubuntu idan an kunna kwamfuta, zai zauna. Komai ya tafi daidai, amma da an zare SSD ɗin sai laftof ta tsaya a baƙin allo da rubutun grub>, shi kuma SSD ɗin ya ƙi tashi a wata kwamfutar. Ina aka kuskure?

MalamSani_IT:
Wa alaikumus salam. Ba kuskuren mai girkawa ba ne, tsohon aibi ne a Ubiquity, manhajar da ke girka Ubuntu har zuwa 22.10. Tun 2014 aka kai rahotonsa a Launchpad, shafin kai rahoton matsalolin Ubuntu, lamba 1396379. A kwamfutar UEFI (tsarin tashi da ya gaji tsohon BIOS), ba ruwanta da faifan da ka zaɓa, ɓangaren EFI (inda ake ajiye fayilolin tashin kwamfuta) na farko da ta ci karo da shi nan take zuba GRUB, kuma galibi na Windows ne. Ƙaramin grub.cfg da ke can yana neman UUID, wato lambar shaida, na ɓangaren Ubuntu. Ka zare SSD, ya nema ya rasa, ya tsaya. Rubuta exit a wurin, yawanci za ta wuce zuwa Windows.

Idan za ka sake girkawa, ɓoye wa Ubiquity ɓangaren EFI na Windows. Tashi daga filash ɗin girka Ubuntu, zaɓi Try Ubuntu, buɗe GParted, manhajar raba faifai. Nemo ƙaramin ɓangaren FAT32 na faifan ciki, sau da yawa nvme0n1p1 ne mai MB 100 ko 260, ka cire masa alamomin boot da esp. A kan SSD, wanda teburin ɓangarorinsa ya kamata ya zama nau'in GPT, yanka MB 512 na FAT32 ka sa masa alamar esp. Sai ka girka. Da ta gama kada ka yarda ta sake kunna kwamfutar, danna Continue Testing ka mayar wa faifan ciki alamominsa tukuna. Nan mutane ke mantuwa, Windows ta ƙi tashi.

Hajara_K:
Malam Sani ya faɗi gaskiya, amma ba dole sai an sake girkawa ba. Jona SSD ɗin ka shiga Ubuntu. Idan babu ɓangaren EFI a kansa, ka yanka daga filash, don ba a rage ɓangaren ext4 da ake aiki a kai. Sannan:

sudo blkid, ka kwafi UUID na sabon ɓangaren
sudo umount /boot/efi
gyara layin /boot/efi a /etc/fstab (fayil ɗin da ke lissafa ɓangarorin da Ubuntu ke haɗawa idan ta tashi), sa sabon UUID
sudo mount /boot/efi
sudo grub-install --efi-directory=/boot/efi --removable
sudo update-grub

Wannan --removable ɗin shi ne gishirin maganar. Shi ke ajiye EFI/BOOT/BOOTX64.EFI, fayil ɗin da kwamfutar da ba ta san faifan ba take nema. Gyaran fstab ma ba na ado ba ne: ka bar tsohon UUID, a wata kwamfutar Ubuntu za ta tsaya jiran ɓangaren da babu shi, bayan daƙiƙa 90 ta jefa ka allon gaggawa.

Saura sharar faifan ciki. Duba efibootmgr, umarnin da ke nuna jerin tashin kwamfuta, ka ɗora Windows Boot Manager a gaba da -o, sannan ka goge babban fayil na EFI/ubuntu da ke can. EFI/Microsoft kuwa ko kusa da shi kada ka je.

Injiniya_Bello:
Ni dai shawarata, in murfin laftof yana buɗuwa, kwance sukuru ɗayan da ke riƙe faifan ciki na M.2 ka zare shi kafin girkawa. Abin da manhaja ba ta gani ba, ba za ta ɓata ba. Wasu BIOS ma suna bari a kashe ramin ba tare da an buɗe komai ba.

Kowace hanya ka bi, in akwai BitLocker, tsarin kulle faifai na Windows, ka rubuta makullinsa mai lambobi 48 a takarda tukuna. Taɓa tsarin tashin kwamfuta kan sa ya tambaye shi, kuma ba zai bar ka ka shiga Windows ɗin ka duba ba.