Gwajin manhajata yana rushewa da zarar na mayar da wayar Hausa

Ɗan Tudun Hatsi:
Assalamu alaikum jama'a. Ni da abokina muka haɗa 'yar manhajar Android don 'yan kasuwar hatsi a nan Gombe, ta rubuta bashi: wane ya ɗauki masara buhu goma, ya biya kaza, saura kaza. Tana da Turanci da Hausa, yanzu kuma wani dillali mai hulɗa da mutanen Kamaru ya matsa sai an sa Faransanci.

Na rubuta gwaje-gwaje 46 da Appium (kayan aikin gwada manhajar waya), masu danna maɓallai da kansu kamar mutum. A Turanci duk suna wucewa lami lafiya. Jiya na mayar da wayar Hausa, 39 suka faɗi. Wasu na san laifina ne: na ce a nemo maɓalli mai rubutun "Save", alhali yanzu "Ajiye" ke jikinsa. Na fara kwafe gwajin ina fassarawa, ina kan na tara na ga aikin ba shi da ranar ƙarewa. Wanda ya fi ɗaure min kai shi ne shafin "Ma'aikata". Na rubuta shi daidai, harafi da harafi, XPath, hanyar da nake nemo abu a shafi da ita, ya ce bai san zancen ba. Yaya kuke yi don Allah?

Maman Hanif, Bauchi:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, daina fassara gwajin nan. Mai neman gida da kalar fenti, ranar da aka sake fenti ya ɓata. Kowane maɓalli ka ba shi resource-id, wato sunansa na cikin manhaja, ka nemo shi da wannan sunan, domin shi ba ruwansa da harshen waya. Sannan a saitin Appium akwai language da locale: ka sa ha da NG (Hausa, Najeriya) a zagaye ɗaya, fr da CM (Faransanci, Kamaru) a na gaba. Gwaji ɗaya, harshe uku.

"Ma'aikata" kuwa hamzar nan ce ta cije ka. Ka kewaye kalmar da alamar zance guda-guda, sai XPath ya ɗauka maganarka ta ƙare a "Ma". Ko a strings.xml, fayil ɗin rubutun manhaja, sai ka sa \ kafin hamza. Kuma duba da kyau, in mai fassararka a Word ya rubuta, zai ba ka lanƙwasasshiyar hamza, kai kana neman miƙaƙƙiya. A ido ɗaya suke, a wajen kwamfuta haruffa biyu ne daban. Na kwana biyu a kan kalmar "sana'a" kafin in gano haka.

Malam na Yelwa:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma da sauran rina a kaba. In da resource-id kaɗai kake nema, gwajin zai wuce ko da rabin shafin Turanci ne ya rage, domin duk kalmar da babu ita a values-ha, inda fassarar Hausa take, Android a shiru yake ɗauko ta asali. Ni nakan ware gwaji ƙalilan da aikinsu kawai su kwatanta rubutun allo da abin da ke fayil ɗin fassara. A Espresso, wani kayan gwajin Android, umarnin withText mai nemo rubutu na karɓar R.string, wato sunan rubutun a fayil ɗin, kai tsaye.

Sai tsawo. "Save" harafi huɗu ne, amma "Ajiye bayanan mai saye" ba zai shiga wannan maɓallin ba, kuma na'ura za ta danna shi hankali kwance ko da rubutun ya yanke. Ka kunna harsunan bogi na Android: en-XA yana tsawaita rubutu, ar-XB yana juya shafi daga dama zuwa hagu. Ka ɗauki hoton kowane shafi ka duba da idonka.

Bolari_Dev:
Oga, ka gwada rubuta suna mai ƙugiya, kamar Ɗanlami. Umarnin input text na adb, mai tura rubutu daga kwamfuta zuwa waya, ba ya iya ƙ, ɗ, ɓ. Kuma 'yan kasuwa "Danlami" za su buga, to bincikenka zai fito da shi? In wayar gwajinka ba ta da Hausa a jerin harsuna, daga Android 13 ana iya saita wa manhaja ɗaya nata harshen.

Ɗan Tudun Hatsi:
Allah ya saka da alheri. Yaya, hamzar lanƙwasasshiya ce wallahi. Na koma resource-id, Hausa duk sun wuce. A Faransanci uku sun faɗi, kuma wannan karon ba laifin gwajin ba ne: masu Faransanci waƙafi suke sawa a lamba inda muke sa ɗigo, na shigar da buhu 2,5 manhajar ta rubuta wa mutum bashin buhu 25. Shi nake gyarawa yanzu. Maganar Ɗanlami kuma ban ma taɓa ta ba, sai bayan la'asar in an kawo wuta.