Mene ne alaƙar tabon kitsen jiki da ciwon suga?

Mai Nazari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ji ana cewa kitsen jiki yana kumburi har ya yi tabo. Ta yaya wannan ke jawo ciwon suga?

Ɗalibar Likitanci: Wa alaikumus salam, Malam. Idan ƙwayoyin kitse suka cika fiye da kima, iskar oksijin ba ta wadatar da su, sai wasu su mutu, ƙwayoyin garkuwar jiki su kewaye su suna fitar da sinadaran kumburi irin su TNF, waɗanda ke hana insulin (sinadarin da ke rage suga a jini) aikinsa yadda ya kamata. Tun 1993 aka nuna hakan a jikin ɓeraye masu ƙiba.

Baban Gida: Batun tabon ya fi ɗaukar hankalina. Zaren kolajin (furotin da tabo ke ƙunshe da shi) yana taruwa ya ɗaure ƙwayoyin tamau kamar buhun da aka ɗinke bakinsa, sai rarar kitse ta rasa ma'ajiya, ta koma hanta da tsoka, su ma su daina jin insulin.

Ɗalibar Likitanci: Haka ne, Baba. Kitsen tumbi ya fi haɗari, domin jininsa kai tsaye yake zuwa hanta.